Yadda Ɗan Wasa Zai Koma Dambe, Kokawa ko Ƙwallo Bayan Tiyatar Rage Nonon Namiji

Girman nono ga namiji ya fi yawa a kan yadda ake zato, sai dai masu fama da shi ba su cika maganarsa ba saboda kunya. Yana faruwa ne idan aka samu rashin daidaito tsakanin sinadarin maza da na mata, waɗanda kowane namiji yake ɗauke da su duka biyu a jikinsa, sai naman da ke ƙarƙashin kan nono ya girma ya yi tauri. Ga yawancin samarin da abin ya same su lokacin balaga yakan baje da kansa cikin shekara 2, amma idan ya daɗe ya kafu, babu atisaye ko rage cin abinci da zai narkar da shi, domin ba kitse ba ne zalla. A nan ne ake zuwa ga tiyata. Ɗan dambe da ɗan kokawa, waɗanda suke shiga fili ba riga, sun fi kowa jin nauyin wannan larura a gaban 'yan kallo, kuma su ne suka fi kowa ɗokin komawa da zarar an cire musu zare. Wannan ɗoki shi ne yake lalata aikin da likita ya yi da kyau.

Kafin a yi maganar makonni, ya kamata ɗan wasa ya san abin da aka yi masa daga ciki. Likita yakan tsaga gefen ƙasa na baƙin da ke zagaye da kan nono, ya ciro taurin naman ta nan, sau da yawa kuma ya zuƙe kitsen da ke kewaye da wani siririn bututu. Yankan da ake gani daga waje ƙarami ne, amma a ƙarƙashinsa an raba fata da tsokar ƙirji a faɗin da kan kai tafin hannu, an bar sarari a tsakani, kuma an toshe ƙananan hanyoyin jinin da aka yanke. Warkewa ta gaskiya ita ce fatar ta sake mannewa da tsokar ba tare da jini ko ruwa ya taru a wannan sarari ba. Bakin ciwo yakan rufe cikin kwana 10 zuwa 14, amma a mako na 3 ƙarfin tabon bai wuce kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin lafiyayyar fata ba, kuma sai wajen wata 3 yake kaiwa kusan kashi 80, inda a nan yake tsayawa har abada. Abin kamar daɓen siminti ne da samansa ya bushe tun washegari, alhali cikinsa bai isa ɗaukar nauyi ba.

Akwai kuma abin da yake yaudarar 'yan wasa musamman. Ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga fatar ƙirji sukan taɓu lokacin aikin, don haka kan nono da kewayensa sukan daina ji na makonni ko watanni. Mutumin da ya saba auna rauni da zafin da yake ji sai ya danna ƙirjinsa, ya ji babu ciwo, ya yanke hukuncin cewa ya warke. Rashin ciwo a wannan wuri ba shaida ba ce, kuma saboda haka ne ake dogara da ido da lissafin lokaci da dubawar likita.

Mako 2 na farko na hutu ne, amma ba na kwanciya ba. Ana so mutum ya fara tafiya a cikin gida tun ranar farko ko ta biyu, domin hakan yana hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Abin da aka hana shi ne duk wani yunƙurin da zai hau da bugun zuciya ko ya ja tsokar ƙirji: ɗaukar jarkar ruwa, jan guga, tura babur, ɗaga yaro, ko miƙa hannu sama da ƙarfi don sauko da kaya. Hawa babur a hanya mai gargada shi ma a jinkirta shi idan da hali. Babban haɗarin waɗannan kwanaki shi ne taruwar jini a ƙarƙashin fata, wanda ya fi faruwa cikin kwana 2 na farko. Alamarsa a bayyane take: gefe ɗaya ya kumbura fiye da ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ya yi tauri, fatar ta ɗame tana sheƙi, ciwo yana ƙaruwa maimakon raguwa. Wanda ya ga haka ya koma asibiti a ranar, ko da cikin dare ne, domin jinin da aka fitar da wuri bai cika barin illa ba, wanda aka bari kuwa yakan bar tauri da lotsawar da ba ta gyaruwa cikin sauƙi.

Rigar matsi da likita yake bayarwa ita ce rabin maganin, domin ita take danne fata a kan tsoka har su manne. Yawanci ana sa ta dare da rana na mako 4 zuwa 6, ba a cire ta sai lokacin wanka. A zafin bazara wannan ba ƙaramin aiki ba ne, kuma a nan ne da yawa suke karya doka. Dabarar ita ce a mallaki guda biyu ana wanke ɗaya ana sa ɗaya, a sa siririyar singileti ta auduga daga ciki don ta tsotse gumi, a kuma tsane bakin ciwon sosai bayan wanka. Idan rigar ta matse har numfashi yana wuya ko tana cin hammata, a nemi a canza girmanta, kada a ajiye ta.

Wasu al'adun jinya da muka saba da su suna da illa a nan. Gasa wurin da ruwan zafi yana iya ƙona fatar da ba ta ji, mai ita bai sani ba sai ya ga bororo. Man zafi da tausa mai ƙarfi suna iya tayar da jinin da ya tsaya. Kai ƙirji wurin wanzami a yi ƙaho don a cire mataccen jini kuwa buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa ne zuwa sararin da bai gama rufewa ba. Haka nan kada a sayi asfirin ko diclofenac ko ibuprofen a kemis ba da izinin likita ba, domin suna iya ƙara zubar jini. Farasitamol ko abin da aka rubuta a asibiti ya wadatar. Taba da shisha suna tsuke ƙananan hanyoyin jinin da kan nono yake rayuwa da su bayan tiyata, don haka barinsu a wannan lokaci wajibi ne.

Daga mako na 3, idan likita ya duba ya gamsu, ana iya fara motsa ƙafafu: tafiya mai sauri, keken motsa jiki na tsaye, tsuguno da miƙewa ba tare da ɗaukar ƙarfe ba, duka da rigar matsi a jiki. Gudu yakan jira zuwa wajen mako na 4 saboda girgizar da yake yi wa ƙirji. A wannan lokaci ne kuma ake fara ɗaga hannuwa a hankali ana juya kafaɗa, domin wanda ya ƙanƙame hannunsa a jiki na wata guda yakan tashi da sandararriyar kafaɗa, wadda ita ma matsala ce ga mai naushi.

Motsa tsokar ƙirji kai tsaye, kamar tura ƙarfe daga kwance ko dafa ƙasa da hannu biyu ana tura jiki sama, ba a fara shi kafin mako na 6. Ko a lokacin, a fara da dafa bango a tsaye, sannan a koma ƙasa bisa gwiwa, sannan ƙarfe mara nauyi, kamar rabin abin da aka saba ɗagawa ko ƙasa da haka. Ma'aunin da ya fi amfani shi ne na washegari da safe. A tsaya gaban madubi cikin haske, a kwatanta gefen dama da na hagu, a shafa da tafin hannu. Idan babu sabon kumburi, babu wurin da yake motsi kamar ruwa a leda, tabon bai yi ja ko ya jiƙe ba, to an ci wannan mataki, ana iya ƙarawa kaɗan. Idan an ga ɗaya daga cikinsu, a koma matakin baya na 'yan kwanaki, idan kuma ruwa ne ya taru, likita ne zai zuƙe shi da allura mai tsabta. Ɗan tauri a ƙarƙashin kan nono a wata na 2 da na 3 yawanci tabon ciki ne, ba naman ne ya dawo ba, kuma yakan yi laushi a hankali.

Wasannin da ake haɗa jiki ba ɗaya suke ba wajen haɗari, don haka lokacin komawa ya danganta da irin abin da ƙirji zai fuskanta. Likitoci da yawa suna sa mafi ƙarancin lokaci a mako 6 zuwa 8, wasu kuma suna kai shi wata 3, musamman idan an cire nama mai yawa, ko an rage fata, ko an samu taruwar jini tun farko. A ganina ɗan dambe da ɗan kokawa su ɗauki wata 3 a matsayin nasu lissafin, su bar mako 6 ga masu wasan da duka a ƙirji yake zuwa jifa-jifa.

Ɗan ƙwallon ƙafa yana iya komawa gudu da ba da ƙwallo tare da abokansa tun kafin ya shiga wasa sosai, amma ya guji tare ƙwallo da ƙirji, da tsayawa a katangar bugun tazara, da tsalle cikin cunkoson bugun kusurwa inda gwiwar hannu take samun mutum ba zato. Mai tsaron gida ya fi sauran buƙatar jinkiri, tunda aikinsa faɗuwa ne a kan ƙirji da haƙarƙari. Mai wasan taikwando yana da sulken ƙirji da dokar wasan ta tanada, amma sulken yana rage ƙarfin shuri ne kawai, ba ya hana girgiza isa ciki.

Ɗan dambe ya bi matakai kamar haka. Ya fara da naushin iska da aikin ƙafa, sannan dukan buhu da rabin ƙarfi, domin hannun da aka ɗaure da kara yana ɗauko ƙarfinsa ne daga tsokar ƙirji da kafaɗa, kuma kowane naushi yana jan wurin da aka yi aiki. Bayan mako 1 ko 2 ba tare da kumburi ba, sai gwaji da abokin horon da ya san halin da ake ciki, wanda aka yi yarjejeniya da shi cewa ba zai kai hannu ƙirji ba. Sai bayan nan ne za a yarda da duka mara ƙarfi a jiki, da kariya mai laushi a ƙirji, kafin a yi maganar turmi na gaske a gidan dambe, inda babu riga, babu sulke, kuma abokin karawa ba zai tausaya ba. Kokawa ta fi dambe wuyar sha'ani ta wani ɓangaren, domin a can ba duka ɗaya ake tsoro ba, gugar ƙirji da ƙirji ce da matsa da murɗa, waɗanda suke zame fata a kan tsoka, wato ainihin abin da ake gudu. Ɗan kokawa da ɗan judo su fara da riƙon hannu da na ƙugu a tsaye, su bar runguma da kayarwa zuwa ƙarshe. Yashin fili kuma ba ya shiri da tabon da bai gama rufewa ba, ko da ɗan ɓawo ne ya rage.

Mafi sauƙin hanyar kauce wa matsin lamba daga mai horarwa ko ubangida ita ce a tsara lokacin tiyatar tun farko. Wanda yake da niyyar shiga damben kaka, ko gasar takobi ta kokawar gargajiya ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, ya lissafa wata 3 na warkewa, ya ƙara aƙalla wata guda na dawo da ƙarfi da numfashi, sannan ya zaɓi ranar aikin. Ya kuma gaya wa likita ainihin wasan da yake yi. Cewa “ina motsa jiki” bai isa ba, domin likitan yana iya zaton gudu ne da safe, ya ba da izinin da bai dace da mai shiga turmi ba. Mai ciwon suga ko sikila ya sa ran nasa lokacin zai fi haka tsawo.

Tabon yana da nasa sha'anin. Masu baƙar fata sun fi saurin samun tabo mai tasowa ya yi tudu yana ƙaiƙayi, kuma ƙirji yana cikin wuraren da hakan ya fi faruwa. Jan fata da wuri yana ƙara wannan haɗari. Wanda ya taɓa samun irin wannan tudu a wurin kaciya, sakiya ko wani tsohon rauni ya faɗa wa likita kafin aiki. Bayan bakin ciwon ya rufe ana amfani da man silikon ko faifansa da ake mannawa na wasu watanni, ana kuma kare wurin daga rana, tunda tabo yakan ɗauki shekara guda kafin ya zauna. Idan ya fara tasowa, akwai allurar da ake yi masa a asibiti, kuma ta fi aiki idan an fara da wuri.

Masu ɗaga ƙarfe su sani cewa allurai da ƙwayoyin gina tsoka suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa wannan larura, domin jiki yana juya wani kaso na sinadarin maza da ya yi yawa ya koma na mata. Likita yakan bar ɗan nama kaɗan a ƙarƙashin kan nono don kada wurin ya lotsa, kuma wannan ragowar tana iya sake girma idan aka koma wa ƙwayoyin. Shan tramadol don a jure horo shi ma kuskure ne babba, tunda yana rufe ɗan ciwon da ya rage yana gargaɗi. Amma idan maganin asibiti ne ake zargi, kamar spironolactone na hawan jini da zuciya ko efavirenz na masu cutar ƙanjamau, kada a daina sha da kai, likita ne zai duba ko akwai madadinsa.

Idan bayan an koma fili aka samu duka mai ƙarfi a ƙirji, a dakata nan take ko da ba a ji ciwo ba, a sa ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15, kada a ɗora ta kai tsaye a kan fata, a mayar da rigar matsi, a lura da wurin zuwa washegari. Kumburin da yake ƙaruwa, ko tabon da ya buɗe, ko mugunya, ko zazzaɓi, ko canjin launin kan nono, duka suna buƙatar a koma wurin likitan da ya yi aikin a ranar, kuma ba za a sake haɗa jiki da kowa ba sai ya duba ya ba da izini.