Yadda ake hana kwamfuta cinye maka data, da gyara mata agogo

Da yawa daga kwamfutocin tebur da ake saya a kasuwar Banex, nan Wuse 2 a Abuja, na hannu ne daga Turai ko Amurka, inda intanet ɗin ofis ba a auna shi da gigabait. Ita kuma Windows haka take ɗaukar yawancin hanyoyin intanet, sai ka gaya mata ba haka ba ne. Shi ya sa mutum zai jona ta da wayarsa da safe, kafin azahar datar wata guda ta yi ƙasa, alhali bai kalli bidiyo ko ɗaya ba. Sabunta kanta take yi a ɓoye. Sunayen da zan ambata na Windows 11 ne; a Windows 10 ma kusan haka suke.

Danna maɓallin Windows tare da harafin I, shafin Settings zai buɗe. Shiga Network & internet, ka zaɓi Wi-Fi, ka danna sunan hanyar da kake kai, wato sunan wayarka ko na MiFi ɗinka. Gangara ƙasa, za ka ga Metered connection. Kunna shi. Da wannan ka sanar da ita cewa datar nan da kuɗi aka saye ta, sai ta dakatar da yawancin manyan sabuntawa, OneDrive ma, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft, ya tsagaita kwasar fayiloli zuwa intanet.

Amma fa a kula. Saitin nan na hanya ɗaya ne tak. In gobe ka jona da wayar ƙaninka, sai ka sake kunna shi. Sannan da yawa daga kwamfutocin tebur ba su da Wi-Fi, da kebul ɗin caja ake ba su intanet daga waya. A irin wannan hali Windows tana lissafa wayar a matsayin Ethernet, wato intanet na kebul, don haka can za ka shiga ka kunna, ba ƙarƙashin Wi-Fi ba. Nan ne mutane suka fi yin tuntuɓe: sun kunna a wani wuri, data na zuba ta wani wuri.

Daga nan koma Windows Update, ka shiga Advanced options, sai Delivery Optimization, ka kashe izinin musayar sabuntawa da wasu kwamfutoci. In kuma kana son ganin ɓarawon da idonka, akwai Data usage a ƙarƙashin Advanced network settings, yana jera manhajoji da abin da kowacce ta ci cikin kwana 30. A nan kana iya sa iyaka, ta gargaɗe ka in ka kusa kaiwa.

Ban ce a daina sabuntawa kwata-kwata ba. Cikinta gyaran tsaro yake, kuma kwamfutar da ake shiga asusun banki da ita ba a barinta haka. Ware rana ɗaya a wata, ka sayi datar dare ko ka kai ta inda Wi-Fi yake wadatacce, ka danna Check for updates da hannunka. Mai Windows 10 kuma ya sani Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum tun 14 ga Oktoba, 2025.

Saura agogo. Shiga Time & language, sai Date & time, ka zaɓi yankin West Central Africa, mai UTC+01:00, ka kunna saita lokaci kai tsaye, ka danna Sync now. Kwanan wata in ya kauce sosai, burauza kan ƙi buɗe shafukan banki da na imel, ta ce ba su da aminci, mutum ya yi ta zargin netwok.

In ka gyara, amma duk sanda aka ɗauke wuta ta dawo da wata tsohuwar shekara, ba laifin saiti ba ne. Akwai ɗan batir mai kama da kwabo a jikin babban allon cikinta, lambarsa CR2032, shi ke riƙe agogo in babu wuta. Zare filogi daga bango, buɗe murfin gefe, danna ɗan ƙarfen da ya riƙe shi, zai ɗago da kansa. Saka sabo, gefen mai alamar + yana kallon sama, sannan ka sake saita lokacin.