Yadda za ku kwantar wa yara hankali idan annoba ta shigo gari

Da zarar sanyi ya ja baya, zafi da ƙura suka taso, sai zancen sankarau ya dawo bakin mutanen Yamai. Mu manya muna yin sa a tsakar gida, a zatonmu yara wasa suke. Kunnensu na wurinmu. Ni malamar lakwal ce a unguwar Bukoki ta Yamai, na ga abin da tsoro ya yi wa ɗalibaina a sankarau na 2015, lokacin da aka rufe makarantun Yamai a watan Afrilu, na kuma sake gani a korona ta 2020.

Ƙaramin yaro ba zai ce muku yana cikin damuwa ba, jikinsa ne zai faɗa. Ɗan shekara shida da ya daina fitsarin kwance sai ya koma. Yarinya ta riƙe zanen uwarta har bakin murhu, ta ƙi shiga makewayi ita kaɗai. Ga ciwon ciki da safe, ga firgita cikin barci. Kada a doke shi, kada a yi masa dariya gaban ƙannensa.

Sai dai a kula, ba kowane ciwon kai ne na tsoro ba. In ya zo da zazzaɓi mai zafi, wuya ya sanƙare, yaro na amai ko yana gudun haske, ko maɗigar jariri ta kumbura, to a bar lallashi, a kai shi likita nan take, ko da tsakar dare ne.

Kafin ku yi masa bayani, ku fara tambaya: "Babana, me ka ji ana cewa?" Za ku sha mamaki. Wata ɗalibata ta ɗauka duk wanda aka kai Lazare, inda ake kwantar da masu sankarau, ba ya dawowa, don haka ta ɓoye ciwon kanta, ko uwarta ba ta gaya wa ba. Ku ba shi gaskiya daidai shekarunsa: cuta ce, tana kama wasu, akwai allurar rigakafi, akwai magani, kuma yawancin waɗanda aka kai da wuri suna warkewa. Ni ba na son a rantse wa yaro cewa babu abin da zai sami kowa. Ranar da aka yi rasuwa a maƙwabta, ba zai ƙara yarda da maganarku ba. Ku ba shi ɗan aiki, ko tsaron buta da sabulu ne kafin a ci abinci. Rediyo kuwa, in an zo lissafin mamata, a rage murya.

Samari da ƴan mata lamarinsu ya fi wuya. A 2020 an rufe lakwal a watan Maris, aka sa dokar hana fita a Yamai daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Fada, wato wurin hira da shan shayin samari, ta watse, masu jiran jarrabawar BEPC ta ƙarshen kwaleji da BAC ta ƙarshen sakandare ba su san makomarsu ba. Tsoronsu yakan fito da kamar rashin kunya: tsaki, buga ƙofa, barcin rana, kwana kan waya. Ƙwace wayar ba ya magani, zai je ya ji a ta abokinsa. Gara a ce, "Ɗan kunna mini saƙon muryar nan mu ji tare." Sai ku tambaye shi wa ke magana, daga ina, kuma ko ya yi daidai da sanarwar ma'aikatar lafiya. Uba ya bar shi ya dafa shayinsa a gida, ya zauna ya sha tare da shi, zance zai fito da kansa. A tsayar masa da lokacin tashi da na karatu ko babu lakwal.

In aka yi mako biyu ba ci ba barci, ko kuka ji ya ce ya gaji da rayuwa, kada a ce yarinta ce. A yi masa addu'a, a kuma kai shi likita. Babban asibitin ƙasa na Yamai yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a asibitin unguwa ma za a nuna muku inda za ku nufa.