Yadda za ka gane yankin da kake ciki ta hanyar kallon bishiyoyi

In ka taso daga Legas zuwa Agadas, zauna gefen taga kawai ka dinga kallon bishiya. Kudu kurmi ne da kwakwar manja, saboda iskar teku mai ɗauke da ruwa can take fara sauka, tana yin arewa tana rage ƙarfi. Ka fara ganin doka da kaɗanya da ɗorawa, to ka shigo wajen Kaduna. Kuka da tsamiya kuwa Kano ce, damina wata huɗu zuwa biyar. Wajen Damagaram sai aduwa da ƙaya da gawo, shi gawo ma abin mamaki ne wallahi, da damina yake zubar da ganye. Agadas ruwan shekara yawanci bai kai milimita 200 ba, sai rairayi.