Yadda Ake Saita DPI Domin Girman Rubutu Ya Zama Daidai a Allo da Takarda

Mai rubuta manhaja da Qt, wato tarin kayan aikin gina manhajoji, yakan tarar cewa rubutun da ya fito daidai a allon kwamfuta ya ƙanƙance sosai idan aka buga shi a firinta, kuma dalilin bai wuce bambancin yawan ɗigo a kowane inci ba, wato DPI. Poyin shi ne ma'aunin girman harafi, kuma poyin ɗaya kashi 1 ne cikin 72 na inci, saboda haka harafi mai poyin 12 yana cin fiksel 16, wato ɗigon allo, a allo mai DPI 96, amma yana buƙatar ɗigo 50 a firinta mai DPI 300.

Da farko a auna girman haruffa da poyin, kada a auna shi da fiksel, domin fiksel ba shi da tsayayyen girma. Sannan, kafin a tsara shafi, a sanar da QTextDocument, ɓangaren Qt mai riƙe rubutu, na'urar da zai zana a kanta ta hanyar documentLayout()->setPaintDevice, in ba haka ba zai lissafa komai da ma'aunin allo.

Idan kuma hoto za a fitar da QImage, ɓangaren Qt mai riƙe hoto, a lura cewa ɗigo a kowace mita yake ƙidayawa, abin da kan rikita mutane da yawa. DPI 300 daidai yake da ɗigo 11811 a kowace mita, wanda za a bai wa setDotsPerMeterX da setDotsPerMeterY gaba ɗaya. A ganina gwajin da ya fi inganci shi ne a buga layi mai tsawon santimita 10, a ɗora masa rula.