Kurakuran da sabbin yaran gareji suka fi yi wajen sabis ɗin mota

Ni dai a shekarun da na yi ina kwanciya ƙarƙashin mota a nan Gombe, yawancin injinan da aka kawo min sun buga ba wani babban abu ne ya kashe su ba, ɗan ƙaramin aikin nan ne da ake barwa yaro saboda oga na ganin ai ba komai, canjin baƙin mai, zuba ruwa a lagireto, ɗaure taya. To ƙannena masu koyo ku saurara.

Mu fara da baƙin mai tunda nan aka fi yin ɓarna. Yaro zai kwance tsohuwar filta ya ɗaura sabuwa bai duba ko robar tsohuwar ta maƙale a jikin inji ba, roba biyu su hau kan juna. Wallahi na gani da idona, wani yarona ya yi wa wata Corolla haka, mai motar ya ɗauki hanyar Bauchi bai kai Alkaleri ba fitilar mai ta kama, da muka je duk ƙasan motar ya yi sharkaf, mai na ɗiga ta gefen filtar ɗis ɗis a kan kwalta. Allah ya taimaka mutumin ya kashe injin da wuri. Gyaran abin mai sauƙi ne: ka sa yatsa ka shafa mazaunin filtar, ka shafa wa sabuwar robar ɗan mai, ka ɗaure da hannu kawai, in ta zauna ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye. Sannan in ka zuba sabon mai ka tada motar ka leƙa ƙasa, ka kashe, ka jira minti biyar kafin ka zaro gejin auna mai, kuma motar ta kasance a wuri madaidaici ba kan gangare ba.

Notin zubar da mai kuma ba gasar ƙarfi ake da shi ba. Wasu har fayif suke zurawa a sufana su taka da ƙafa, kwanon man motoci da yawa na yanzu alminiyom ne, zaren ramin notin ya cinye shikenan an jawo wa oga asara. Ka canza wosha, ka ɗaure daidai.

Sai irin man. Kowa ya saba da 20W-50 saboda Golf 3 da 406 da muka taso muna gyarawa, amma motocin baya bayan nan da yawa 5W-30 ko ma 0W-20 suke so, kuma a rubuce yake a murfin mai ko littafin motar. Mai kauri baya saurin kaiwa saman inji da safe, musamman lokacin hunturu. Karanta murfin nan bazai ci maka minti ɗaya ba.

Abin da yafi ƙona min rai shine cire tamostat. Mota ta fara zafi a watan Maris ko Afrilu sai kaji an ce ai Turai aka yi wa wannan abin, a cire a yar. A'a malam. Aikinta riƙe zafin inji a wajen digiri 80 zuwa 90, in ka cire injin zai daɗe bai kai zafinsa ba, kwamfutar motar ta ci gaba da tura fetur da yawa, mai mota yana kuka da shan mai bai san daga garejinku aka ɗora masa ba, a wannan tsadar. Ka nemi asalin ciwon, fanka ce, murfin lagireto ne, ko lagireton ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan burtsatse da ake ta ɗura masa maimakon kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman. Kuma don Allah kar ka buɗe murfin lagireton nan da zafi ko da tsumma ne, ruwan yana feshi har fuska.

Man birki yana tsotsar danshi daga iska, saboda haka kwalbar da aka bari a buɗe tun damina ba ta da amfani. Murfin mazubin man birki na motar ya ce DOT 3 ko DOT 4, wato irin man, ka bi shi, kar ka kuskura ka zuba man giya ko na sitiyari a ciki, robobin kumbura zasu yi birki ya tafi.

Batir ka fara cire waya mai alamar ragewa, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Filtar iska kuwa da ƙurar hunturun nan tamu kar ka jira lokacin sabis, ɗaga ta sama ka kalli rana, in haske baya ratsawa a canza, ba a wanke ta takarda da ruwa.

Taya: ka ɗaure notin a giciye, wannan sannan na ɗaya ɓangaren, ba bi da bi a zagaye ba, in ka sauke motar ƙasa ka sake bi. Yawan iskar yana rubuce a jikin ƙofar direba, lambar da ke jikin taya iyakar abin da zata iya ɗauka ne. Kuma jak ɗagawa kawai yake yi, kafin ka zura kanka ƙarƙashi ka sa ƙarfen tallafi ko gungume mai ƙwari, ka tokare tayar baya da dutse, ko da oga yana maka tsawa ka yi sauri mai mota na jira.