Yadda ake saye da ɗanɗana tsohuwar barasar ram

Ram barasa ce da ake yi daga rake, ko dai daga ɗanyen ruwansa da aka matse, ko kuma daga baƙin ruwa mai kauri da ke saura bayan an cire sukari a masana'anta, wanda ake kira molas. Wadda ake ce wa tsohuwa ita ce wadda ta yi shekaru a cikin gangar katako kafin a ɗura ta a kwalba, kuma a kanta ne kuɗi ke hawa, a kanta ne kuma ake yawan ruɗar mai saye. Wiskin Sikotland da koniyak na Faransa kowanne yana da doka guda da ta ɗaure masu yin sa, amma ram ana yin ta a ƙasashe da dama, kowace da tata ƙa'idar, wasu da tsauri, wasu da sassauci ƙwarai. Saboda haka aikin farko, tun kafin hanci ko harshe su shiga magana, shi ne iya karanta takardar da ke manne a jikin kwalba.

A fara da lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe. A dokar Tarayyar Turai da ta Amurka, idan aka ambaci shekaru, to ana nufin shekarun mafi ƙanƙanta daga cikin barasar da aka haɗa, don haka kwalbar Appleton Estate ta Jamaika mai shekara 12 ba ta ɗauke da ɗigon da bai kai shekara 12 a ganga ba. Amma akwai kwalaben da ke ɗauke da lamba tsurarta ba tare da kalmar shekara a gefenta ba. Zacapa 23 ta Guwatemala, alal misali, haɗi ne na barasa mai shekara 6 zuwa 23, wadda aka tsima ta hanyar solera, wato a riƙa ɗiba daga tsofaffin ganguna ana cike gurbin da ta gangunan da ba su kai su daɗewa ba. Wannan hanya ba aibi ba ce, sai dai wanda ya biya kuɗi yana zaton duk abin da ke cikin kwalbar ya shekara 23, to zatonsa ya saya. Haka nan haruffa irin su XO suna da ma'ana tabbatacciya a tsibirin Matinik, inda dokar Faransa ta kare sunan ram ɗinsu tun 1996: VO shekara 3 ce aƙalla, VSOP shekara 4, XO kuma shekara 6. A wurare da yawa kuwa haruffan ado ne kawai.

Bayan yawan shekarun, sai a nemi sanin inda gangar ta yi su, domin shekara a Karibiyan ba ɗaya take da shekara a Turai ba. A cikin zafin Barbados ko Jamaika, ganga kan yi asarar kusan kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari na abin da ke cikinta kowace shekara ta hanyar tururi, alhali a sanyin Sikotland asarar ba ta cika wuce kashi 2 ba. Idan aka lissafa da kashi 7, bayan shekara 12 fiye da rabin gangar ya tafi, abin da ya rage kuma ya sha katako sosai, ya yi kauri a ƙamshi da ɗanɗano. 'Yan kasuwa masu zaman kansu sukan sayi ram tana sabuwa ko tana da 'yan shekaru, su kai ta rumbunan Ingila ko Sikotland ta ƙarasa tsimuwa a can, don haka mai shekara 20 da ta zauna a Turai tana iya zuwa da sauƙin katako fiye da mai shekara 10 da ba ta taɓa barin tsibirinta ba. Masu gaskiya a cikinsu suna rubuta shekara nawa ta yi a nan, nawa ta yi a can, kuma ina ganin wannan rubutu ya fi kowane zanen zinariya daraja.

Launi kuwa kada a ba shi amana ko kaɗan. Yawancin ƙasashe sun yarda a ƙara ƙonannen sukari domin daidaita launi, don haka duhun barasa ba shaidar tsufa ba ne. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne sukarin da ake zubawa bayan an fitar da ita daga ganga. Tacewa ta hanyar tururi ba ta barin sukarin rake ya bi barasar, saboda haka duk ram mai zaƙi kamar zuma a baki, to zaƙin nan ƙara shi aka yi. Dokar Tarayyar Turai ta 2019, wadda ta fara aiki a 2021, ta taƙaita ƙarin a giram 20 cikin lita guda ga duk abin da za a sayar da sunan ram, hukumomin sayar da barasa na Finlan da Suwidin, wato Alko da Systembolaget, kuma suna wallafa adadin sukarin da ke cikin abin da suke sayarwa, kowa na iya dubawa. Akwai kuma gwaji mai sauƙi: a ɗiga kaɗan a tafin hannu, a murza har ya bushe, idan fatar ta yi danƙo, akwai alamar sukari mai yawa. Mai son zaƙi yana da ikon son abinsa, amma sukari yana rufe kaifin barasar da ba ta nuna ba, sai ta yi laushi a maƙogwaro a ɗauka tsufa ne, a kuma biya kuɗin tsufa.

Sanin salon kowace ƙasa yana rage sayen dacen da ke cin kuɗi. A Barbados, inda kamfanin Mount Gay ke da takardar shaida tun 1703, an saba haɗa wadda aka tace a tukunyar tagulla da wadda aka tace a dogon bututu, sai a samu barasa madaidaiciya mai ƙamshin fanila da kwakwa da ɗan yaji, kuma abin da Richard Seale ke fitarwa a masana'antarsa ta Foursquare wuri ne mai kyau na fara koyo, tun da ba ya ƙara sukari. Jamaika ta bambanta: a wurare irin su Hampden ana barin ruwan ya daɗe yana tsami kafin a tace shi a tukunya, har ya fito da ƙamshi mai ƙarfi na ayabar da ta nuna ta wuce misali da abarba, wanda wasu ke ƙauna, wasu kuma ba sa iya jurewa. A Gayana, kamfanin da ke yin ram ɗin El Dorado har yanzu yana aiki da kayan tacewa na katako, ciki har da tukunyar Port Mourant da ake dangantawa da 1732 da dogon bututun Enmore na 1880, kuma su ne ke ba ram ɗin ƙasar, wadda ake kira Demerara, nauyinta da ƙamshin hayaƙi da busassun 'ya'yan itace. Ta Matinik da Gwadalup galibi daga ɗanyen ruwan rake ake yin ta, don haka ko ta tsufa akan ji ƙamshin ɗanyar ciyawa a ƙarƙashin katakon. Ta Kuba da sauran ƙasashe masu jin Sifaniyanci galibi mara nauyi ce, kuma yawancin halinta daga ganga yake zuwa.

Ita gangar, mafi yawanci tsohuwar gangar wiskin boban ce ta Amurka mai cin kusan lita 200, saboda dokar can ta tilasta amfani da sabuwar ganga kowane lokaci, sai waɗanda aka gama da su su yi araha. Idan an ƙarasa tsimin a gangar sheri, wato wata barasar inabi ta Sifen, ko ta koniyak, za a ji zabibi da dabino sun ƙaru. A duba ƙarfin barasar ma: yawanci ana saukar da ita da ruwa zuwa kashi 40, amma wadda aka bari a kashi 46 ko sama ta fi riƙe ƙamshinta. Kafin a sayi babbar kwalba mai tsada, ya fi kyau a nemi ƙananan kwalaben gwaji, domin mililita 30 ta isa ta nuna wa mutum ko salon ya dace da bakinsa.

Wajen ɗanɗanawa, a samu kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, a zuba kamar mililita 15 zuwa 20, ba ƙanƙara, sannan a bar shi ya huta kusan minti 10, domin zafin barasar da ke tashi da farko ya lafa. Kada a cusa hanci cikin kofin kai tsaye, saboda tururin zai dakushe shi na ɗan lokaci. A riƙe kofin ƙasa da haɓa, a ɗago shi a hankali da baki a ɗan buɗe, a shaƙa kaɗan, a janye, a sake komawa. A shaƙar farko galibi zaƙi-zaƙi ake ji, a ta biyu da ta uku ne kirfa, kanumfari, taba ko jemammiyar fata ke fitowa. Kurɓar farko ta sabawa ce kawai, kada a yanke hukunci da ita. A ta biyu a bar ɗan kaɗan ya zagaya harshe da ganɗa na 'yan daƙiƙu, a lura da nauyinsa, ko yana gudu kamar ruwa ko yana da maiƙo, sannan a lura da abin da ya saura bayan ya wuce. Barasar da ta tsimu da kyau takan bar ɗanɗano mai daɗewa yana sauyawa, wadda aka yi wa kwaskwarima da sukari kuwa zaƙinta kan tsaya wuri ɗaya ya ɓace, ya bar zafi. Idan bauri ya ɗaure baki ya rufe komai, alama ce katakon ya rinjaye ta, kuma wannan yana faruwa har ga masu shekara 25 da ake tsawwala wa kuɗi. Ɗigo biyu ko uku na ruwa kan buɗe mai ƙarfi, a sake jin wani ƙamshin da ya ɓuya. Kofin da aka gama da shi ma kada a wanke shi nan take. A shinshina shi bayan rabin awa, abin da ganga ta bayar zai fito fili.

Kwatantawa ita ce ke koyar da mutum da gaske, kuma tana da sharaɗi guda: a sauya abu ɗaya kawai. A jera ram biyu ko uku masu shekaru ɗaya daga ƙasashe daban-daban, ko kuma na kamfani ɗaya masu shekaru daban-daban, kamar El Dorado mai 12 da mai 15 da mai 21, a ga abin da ƙarin shekarun ya ƙara da abin da ya ɗauke. A fara da mara nauyi a ƙare da mai nauyi, ta Jamaika mai ƙarfin ƙamshi ta zo a ƙarshe, domin idan ta riga shiga baki ba za a ƙara jin sauran ba. Kada a wuce kala huɗu ko biyar a zama ɗaya, a riƙa kurkure baki da ruwa a tsakani, a kuma tanadi abin tofarwa kamar yadda masu wannan sana'a ke yi, tun da barasa mai kashi 40 zuwa 60 tana saurin kashe harshe da hankali. Mafi amfani duka shi ne wani ya zuba a kofuna iri ɗaya ba tare da mai ɗanɗanawa ya ga kwalaben ba, ya rubuta abin da ya ji kafin a faɗa masa sunayen, domin ganin farashi da kyan kwalba yana karkatar da hukuncin ko da gwani ne.

Ram ba ta ƙara tsufa bayan ta shiga kwalba, don haka mai shekara 12 za ta ci gaba da zama mai shekara 12 ko an adana ta shekara 30. A ajiye kwalbar a tsaye, saboda ƙarfin barasar yana cin toshiyar bakinta idan aka kwantar da ita, a nisanta ta daga rana da zafi. Idan abin da ke ciki ya sauko ƙasa da sulusi, iskar da ta cika kwalbar za ta fara rage ƙamshin cikin 'yan watanni, sai a juye ragowar a ƙaramar kwalba mai tsabta a toshe ta sosai.