Yadda malamin firamare zai gane yaron da ke cikin damuwa

Yaro ɗan shekara 7 ba ya zuwa ya ce, "Malam, ina da damuwa." A jikinsa ake gani, kuma wuri mafi sauƙin gani shi ne lokacin kiran suna. Kada ka duƙufa a kan rajista kana jiran amsa. Ɗaga kai ka dubi fuskar kowane yaro, minti 5 ya isa. A ƙarshen mako duba yadda fashin yake tafiya: wanda ke ɓacewa duk ranar kasuwa talla ce ke riƙe shi, wanda kuma ba ya dawowa bayan tara galibi yunwa ce, ko rashin ban-ɗaki mai ƙofa, musamman ga 'yan mata na aji 5 da 6. In yaro ya yi kwana 3 a jere bai zo ba, a aika gidansu a ranar.

Kafin ka yanke cewa yaro ba ya ganewa, dawo da shi layin gaba na mako 2. Da yawa daga waɗanda ake kira daƙiƙai allon ne ba sa gani, ko kunne ke yi musu ruwa. Kalmar daƙiƙi kuwa, in ta fito daga bakin malami sau ɗaya, yara za su riƙe ta har su gama makaranta.

Batun monita shi ne inda aka fi yin ɓarna. Ana zaɓar babban yaro, a ba shi bulala da takardar rubuta sunan masu surutu, sai ya mayar da ita hanyar karɓar kuɗin abincin tara daga ƙanana. Karɓe bulalar. Raba aikin monita kashi huɗu: mai share allo, mai raba littattafai, mai kula da randa da buta, da mai lura da wanda ya zauna shi kaɗai lokacin tara ya jawo shi wasa. A sauya su duk Litinin, don mai in'ina da zabiya da mai makero a ka su ma layi ya zo kansu.

In an kawo ƙarar cin zali, kada ka yi shari'a a gaban aji, domin wanda aka zalunta zai ji kunya ya musanta, a tashi kuma a tare shi a hanya. Saurari kowa shi kaɗai. Wanda ya yi laifin ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya mayar da abin da ya ƙwace, ya ba da haƙuri. Rubuta ranar a littafi, ka sake tambayar yaron da aka zalunta bayan mako guda ko abin ya tsaya.

Yunwa ta fi ƙarfin malami shi kaɗai. Shirin ciyarwa da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 an yi shi ne don 'yan aji 1 zuwa 3, kuma ya sha yankewa. Kai maganar gaban kwamitin kula da harkokin makaranta (SBMC) da ƙungiyar iyaye da malamai, a taimaka a asirce, ba a wurin asambali ba. Shaidar duka mai tsanani, ƙuna, ko yaro ya ce wani babba na taɓa shi, wannan a sanar da hedimasta nan take, a rubuta maganar yaron yadda ya faɗe ta, a kai shi asibiti.